Shinkafar da Kawu Sale Ya Kashe wa Wuta

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, direban tankar mai. Na ce tara, ko da yake Yaya Hadiza ta dage goma ce. Zan faɗi iya abin da nake tunawa, mai yiwuwa wani abu ya shige mini.

Idan aka ambace shi a gidanmu na Kwamba, dariya ke riga hawaye zuwa, saboda ranar auren Yaya Hadiza. Da safiyar ranar ya dawo daga sauke fetur, ya ajiye tankar a filin bayan layinmu, ya wuce masallaci wajen ɗaurin aure. Da rana ta yi zafi, Gwaggo Ladi, shugabar masu girki, ta sa aka mayar da murhu uku cikin inuwar tankar. Ai babu komai a ciki, in ji ta. Dangin ango kuwa suna hanya daga Lambata.

Ni na gani da idona. Ban daɗe da gama karatun kimiyyar sinadarai ba, na kuma san tankin da aka juye bai rabu da tururin mai ba, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Amma na tsaya ina tunanin yadda zan gaya wa Gwaggo ba tare da ta ce boko ya sa na raina ta ba. Ina cikin jera kalmomi Kawu ya shawo kwana da babbar rigarsa.

Ko sallama bai yi ba. Bokitin ruwa ya sheƙa wa murhun farko, ya bi na biyu. Na uku, da ruwa ya ƙare, zoɓon baƙi ya juye masa.

"Sale, kanka ɗaya kuwa? Shinkafar surukai ce, ko tsotsewa ba ta yi ba!"

"Hajiya, su ci ɗanya su zage mu, na yarda. Cikakkiyar tanka ba ta ba ni tsoro kamar fankon nan."

Sai ya juyo kaina. "Kai ɗan boko, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Kawu."

"To kama kunnen tukunya."

Muka kwashe tukwanen zuwa can ƙarshen layi, aka sake hura wuta. Sai bayan la'asar baƙi suka ci, shinkafar nan waje ya caɓe, ciki da ƙarfi. Da baban ango ya ji dalili, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya nemi ƙari. Har gobe, duk girkin da bai nuna ba a gidanmu, sunansa shinkafar Kawu.

Yanzu aikina duba tankuna ne a wani yadin ajiye manyan motoci kusa da Sabon Wuse, irin sababbin nan masu kejin ƙarfe da ake ɗagawa sukutum a ɗora wa tirela, kowanne da allon da ke nuna abin da ya ɗauko. Ina jin da Kawu yana raye, allunan za su burge shi, ko da yake bai yi boko ba. Zai ce zanen harshen wuta da ke jikinsu kowa na iya karanta shi. Abin da nake zaton ba zai taɓa fahimta ba shi ne masu rugawa da jarka idan tanka ta faɗi.

Bai bar wa kowa gadon gida ba, motar ma ba tasa ba ce. Amma 'ya'yan Yaya Hadiza huɗu suna nan suna cika mana gida da ihu, Gwaggo Ladi ma tana nan, tana kuma yi masa addu'a kafin ta fara mitar zoɓonta. Kwanakin baya na tarar da mai shayi ya kunna risho a gindin wani fankon tanki a wajen aikinmu. Ban tsaya jera kalmomi ba, na kashe tukuna, sannan na ba shi haƙuri. Sau uku na ba shi, gaskiya.

Allah Ya jiƙan Kawu. Wanda ya halarci bikin nan, idan ya ga na yi kuskure, don Allah ya aiko da gyara. Mahaifiyata dai ta riga ta ce kunun aya ne, ba zoɓo ba.