Shekarar da Na Hana Wuta Shiga Gonarmu

Shekarar da babana ya rasu na baro lakwal, wato makarantar boko, a Konni, na koma ƙauyenmu kusa da Dogarawa don in riƙe gonarsa. Ban kawo wani abin kirki daga karatu ba sai magana ɗaya da ta tsaya mini a rai. Malamin kimiyya ya ce mana in an ƙone kara, ƙarfin da ke cikinsa, wanda yake kira azot, ba ya zama a toka. Hayaƙi yake bi ya tashi sama, iska ta kwashe shi har saman teku, inda babu gona babu gari, ruwan sama ya zubar da shi can. Ni da ban taɓa ganin teku ba na ji haushinta. Ubana ya ƙare ƙarfinsa a jigawar nan, a ce albarkarta ta tafi wajen kifi?

Don haka da lokacin sharar gona ya zo, kowa ya tara kara ya cinna wuta, ni na bar nawa kwance.

A wurinmu gonar da ba a share ba gona ce da mai ita ya gaza, dangi na iya ba wani ita. Baffana, ƙanen babana, ya aiko mini sau biyu, na yi kunnen ƙashi. Rannan da hantsi na je gona na tarar ya tattara karan wuri ɗaya, ashana na hannunsa.

Ban ma gaishe shi ba, abin da har yau mahaifiyata ke goranta mini. Na haye tarin karan na zauna.

"Mi kaka yi haka?" in ji shi. "Sauka, ko in ba wani gonag ga."

"Baffa, ba ni sauka. In za ka ƙone ta, haɗa da ni."

Tururuwa na cizona, amma ban motsa ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da ashanar aljihu.

"Kai da ubanka," ya ce. "Haka shi ma yash sha mini kai tun muna yara."

Tun da aka rufe babana ban ji Baffa ya ambace shi ba sai ranar. Na fashe da kuka, shi ma ya juya baya yana share ido da bakin rawani. Duk da haka ban sauko ba sai da na ga ya shige gari.