Arzula Mai Wankau da Waƙa ta Tamanin da Huɗu

Arzula Tolliver wankau take yi a wani ƙauye na gaɓar kogin Tombigbee, a jihar Alabama. Ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma da ta duƙa kan bahon wanki sai waƙar yabo ta zo mata, baiti bayan baiti, ta yi ta maimaitawa har ta zauna. Ranar Lahadi ta rera a coci, jama'a su ɗauka.

Mijinta Lemuel fito yake yi da kwalekwale. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya kwashe iyalai huɗu zuwa kan tudu, ya koma ɗauko na biyar, bai dawo ba. Sai bayan kwana shida aka ga gawarsa. Mako uku Arzula ba ta buɗe baki a coci ba. A Lahadi ta huɗu ta miƙe ta rera sabuwar waƙa, a hankali, kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi: "Ruwa ya kai wuya, Ubangiji tallafi haɓata."

Masu cirar auduga suka tafi da waƙar gonaki, masu neman aiki suka hau jirgin ƙasa da ita zuwa birane.

Bayan shekara ashirin aka turo sabon fasto, Hosea Gantt, ɗan birni, ya zo da akwatin sababbin littattafan waƙoƙi. Ranar gwajin waƙa ya ce a buɗe ta tamanin da huɗu, ashe "Ruwa ya kai wuya" ce, ya soma ta da sauri yana tafi. Arzula kuwa tana bencin baya tana jan abarta yadda ta saba.

Fasto ya tsaya. "Inna, kina ja mana waƙa baya. Ba haka aka rubuta ba."

"Wa ya rubuta, ɗana?"

Ya duba ƙasan shafi. "Ba a san mai ita ba. Wai tun zamanin bauta take."

"Zamanin bauta? To lallai na tsufa."

Ƙawarta Dovie ta kwashe da dariya. "Fasto, yau ka zo koya wa uwa sunan ɗanta!"

Da aka ba shi labari sai ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Arzula ta ce ya karanta mata duka. Ya karanta baiti uku ya tsaya.

"Saura ɗaya," in ji ta. "Na kwalekwale. Sun yanke shi, don ba su san Lemuel ba."

Ta faɗa, ya rubuta da fensir a gefen shafi. Ranta bai ɓaci da rashin sunan ba; saurin ne ya dame ta. Ta ce wanda ruwa ya kai wa wuya ba ya rawa.

Fasto ya aika wa masu buga littafin wasiƙa har sau uku. A bugu na gaba suka sa suna, amma Ursula Oliver suka rubuta, baitin kuma ba su mayar ba. Da Dovie ta gaya mata, ta ce, "Sun kusa," ta ci gaba da shanya.

Ta yi wankau har yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa, sannan 'yarta ta ɗauke ta zuwa birnin Mobile, can ta rasu. An ce waƙoƙinta sun kai arba'in. Matan cocin sun zauna sun tuno goma sha ɗaya, fasto ya kwafe su a littafin rubutu.