Durƙuson Basiratu a Filin Fareti

Basiratu Zakaria 'yar unguwar Tishigu ce, ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai na wani tela mai ɗinkin manyan riguna. A gidansu yaro ba ya gaida babba a tsaye. Ko da tulu a kanki, sai kin sauke kin durƙusa har a gama tambayar gajiya da mutan gida. Da wannan ta tashi, da kuma murya. In ta kira ƙanenta daga zaure, har masu doya a bakin titi sukan waiga.

Shekarar da ta shiga kwalejin horar da malamai, ƙawayenta suna rububin ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo. Ita ta wuce ta ba da sunanta a kadet, wato ɗaliban da ke sa kaki suna koyon fareti irin na soja. Mai horar da su Saja Imoru ne, tsohon soja daga Kukuo, wanda ba ya dariya sai in wani ya faɗi. Ya dubi hijabinta ya ce hula ba za ta zauna a kai ba. Washegari ta zo da hular a zaune, ta kama ta da fil biyu. A shekara ta uku ya miƙa mata takobi: ita za ta ja mutum arba'in da shida ranar shida ga Maris, bikin 'yancin kai.

Saura mako uku, kwaleji ta gayyaci wani tsohon hedimasta ya duba gwajin fareti. Ba wanda ya gaya mata sunansa. Ta taka har gabansa don ta ƙame ta sara masa, ta ɗaga ido, sai ga Alhaji Sualihu, yayan mahaifinta, wanda ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta.

"Wallahi ban yi shawara da gwiwoyina ba," in ji ta, ranar da take ba ni labarin. "Sai ji na yi ina ƙasa, takobi a hannu, ina cewa Baba barka da hantsi."

Layin gaba, da suka saba bin duk abin da ta yi, su ma suka durƙusa. Masu badujala suka daina kiɗa. Alhaji kuwa ya amsa gaisuwa tsaf, har ya tambayi ƙafar mahaifiyarta.

Da la'asar Saja ya karɓe takobin ya ba wani ɗalibi, Abdul-Hafiz. Ya ce in tana son ya dawo mata, ta rubuta takardar ban haƙuri, ta ce abin da ta yi abin kunya ne.

"Saja, zan rubuta na ɓata fareti, don na ɓata. Amma ba zan rubuta gaida babana abin kunya ne ba."

"Kaki ba ya durƙusawa."

"Ranar Juma'a na gan ka a Kukuo gaban mai gari, goshinka ya kusa taɓa ƙasa."

"Ba da kaki ba!"

"Da wannan takalmin dai."

Ya kore ta daga layi. Kashegari da sassafe sai ga ta da kaki a goge, a gefen filin ƙwallo, tana fareti ita kaɗai, tana ba kanta umarni. Ɗalibai daga baranda suna yi mata ihu, "Kwamanda Durƙusau!" Ba ta waiga ba. Matsalar ita ce muryarta ta danne ta Abdul-Hafiz. In ta ce a juya dama, rabin layinsa sai su juya. Rana ta huɗu wata mai suna Maltiti ta fita daga layi ta tsaya a bayanta. Kafin mako ya zagayo sun zama goma sha tara.

Saja ya taka har inda take.

"Ke 'yar tela, so kike ki raba mini runduna?"

"Takobina nake so, Saja."

"Takardar fa?"

Ta zaro ta daga aljihu. Layi ɗaya ne: na ɓata fareti, ba zan sake ba. Ya karanta, ya juya bayan takardar yana neman saura.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"In Alhajin ya sake zuwa ranar bikin fa?"

"Na je gida na yi masa gaisuwar wata guda. Ya ce ranar in wuce shi kamar ban san shi ba."

Saja ya ƙwala wa Abdul-Hafiz kira. Shi kuwa ya kawo takobin da gudu, don muryarsa ta riga ta dushe.

Ita ta ja su ranar shida ga Maris, suka zo na uku a gasar faretin makarantu. Yanzu tana koyar da aji huɗu a wata firamare a Nyanshegu, kuma ita ke horar da yaran fareti. In sun haɗu da Saja a kasuwa, yakan ce da ba ta ɓata masa mako guda ba da sun zo na ɗaya. Ita kuma ta ce masa, "Wa ya ce ka karɓe takobin?"