Sai da Kaka ta rasu aka yi wa ɗakinta rufi

A shekarar da abin nan ya faru ni ƙaramar tela ce a Sabon Tasha, da keken ɗinki ɗaya a bakin kasuwa da ɗakin haya a bayan wata majami'a. Ban yi aure ba tukuna, kuma ni irin mutanen nan ce da in babba na magana sai su sunkuyar da kai ko da ransu na tafasa. Kakata ce ta yi mini wannan tarbiyya, uwar mahaifiyata, wadda ta ɗauke ni tun ina goye bayan rasuwar mamata. A wani ɗan ƙaramin gari take a kudancin jiharmu, kuma da noman citta ta riƙe gida bayan mutuwar mijinta. Da cittar nan ta yi wa 'ya'yanta maza biyu makaranta har suka zama manyan ma'aikata a Kaduna. Na tashi na ga hannuwanta duk sun tsattsage saboda yanka da shanya, amma ban taɓa ganin wanda ya shiga gidanta ya fita da yunwa ba. Yaran unguwa kaf sun san ɗanɗanon fatenta.

Da damina iska ta yaye rufin ɗakinta, sanyi ya kama mata ƙirji, aka kawo ta asibiti a nan. Da aka sallame ta, likita ya gaya mana babu abin da ya rage sai kulawa. Nan fa kowace daga cikin matan kawunaina ta kawo uzurinta, wannan ta ce aiki, waccan ta ce yara na jarrabawa, ƙarshe dai aka sauke ta a ɗakina. Ban ji haushin wannan ba ko kaɗan, gata ne a wurina. Ita ma ta san lokacinta ya kusa, kuma abu ɗaya ta roƙa: a mayar da ita gida ta cika a cikin mutanenta, 'yan zumuntar mata ta majami'arsu su zauna kusa da ita su yi mata waƙa da yarenmu. Ta ce ba ta so ta mutu a inda ƙarar janareta ba ta barin mutum ya ji addu'ar bakinsa.

Na hau keke napep na tafi Gonin Gora wurin babban kawuna. Ya saurare ni yana latsa waya, sannan ya ce ta yaya za a kai uwarsa ɗakin da ba rufi, mutane su ce me, a bari damina ta wuce a gyara. Ƙaramin ya ce shi ba ya tsallake maganar yayansa. Da na koma na matsa, sai babban ya tuna mini cewa ni jika ce ta wajen 'ya mace, kuma a al'adarmu ba ni da ta cewa a sha'anin gidansu. Ku ji fa! Lokacin da nake wanke mata jiki da kwashe mata bahaya, ba wanda ya tambaya ta wane ɓangare na fito.

Kullum da safe Kaka sai ta ɗaura ɗankwalinta, ta ƙulle kayanta a zane, ta sa in zaunar da ita a bakin ƙofa. In mota ta tsaya a layi sai ta tambaye ni ko tata ce, ni kuma in ce mata sai gobe. A haka ta cika wata ranar Talata da rana, ƙullin kayanta na gefenta.

Daga ranar ne kawunaina suka zama 'ya'ya na gari. Aka kai ta mutuware, ɗakin ajiye gawa, aka kafa kwamiti, aka ce ba za a yi jana'iza ba sai gida ya dace da baƙi. Damina ba ta wuce ba, amma kafin ka ce me an kafa wa ɗakin kwano sabo fil mai launi, an yi silin, an shafa fenti har katanga. Gawarta ta kusa wata biyu a cikin ƙanƙara, matar da ko ruwan firij ba ta sha. Don ƙarin cin fuska, ni aka jibgo wa yadin anko mai ɗauke da hotonta, wai ai ni ce telar gida. Na ɗinka, ina yanka fuskarta da almakashi ina kuka. Ran jana'iza babban kawu ya tsaya ƙarƙashin kanofi ya gaya wa jama'a cewa uwarsu ta cika a hannun 'ya'yanta cikin kwanciyar rai, aka yi ta tafi.

Bayan an rufe ta, wata tsohuwa ƙawarta ta zumunta ta ja ni gefe. Ta tambaye ni me ya hana mu kawo ta tun tana numfashi. Na ce mata saboda rufi. Ta dube ni ta ce ita ɗakinta ba shi da rufi ne? Ta ce tun da suka ji jiki ya yi tsanani suka share wuri suka shimfiɗa tabarma, kullum suna duban hanya. Na zauna a ƙasa cikin ankona.

Har yau ina gaishe da kawunaina, amma raina bai huce ba, kuma ba na jin zai huce. Abin da na koya shi ne, biyayyar da za ta hana tsoho burinsa na ƙarshe ba biyayya ba ce. Duk mai tsohuwa a hannu, in ta ce gida take so, kada ya jira taron dangi ko izinin masu tsoron bakin mutane. Ya nemi mota ya kai ta tun tana iya gane hanyar.