Jarka Huɗu da Kyandir Ɗaya

Ƙaurin lagwanin kyandir da ya mutu shi ne abin da ya fi zauna mini daga ranar. Wata Laraba ce bayan an gama cirar wake, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a ƙauyenmu da ke tsakanin Ɗanbatta da Makoda. Malama Rabi, mai koya mana kimiyya, ta kunna guntun kyandir a kan tebur, ta kife shi da kwalbar da ta aro daga wurin mai shayi. Muka yi tsit muna kallon wutar tana ƙanƙancewa, ta yi shuɗi, ta mutu ba wanda ya hura ta. Da ta ɗaga kwalbar hayaƙin ya miƙe siriri kamar zare. Ta ce, “Iskar da take sha ce ta ƙare. Ƙwaron da ke cin waken iyayenku shi ma numfashi yake yi. To, ku je ku yi tunani.”

Ni dama tunani ba ya yi mini wuya. Nakan tafi ɗebo ruwa in tsaya kallon inuwar kuka a cikin bokiti har Inna ta aiko a kira ni. Amma a shekarar tunanin kowa a gidanmu ɗaya ne. Taki ya yi tsadar da Baba bai iya saye ba, ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya da kai fayau. Wake ne kawai ya yi, wanda aka shuka a tsakanin kunyoyi. Mun yi kwanaki muna casa a tsakar gida, mata suna sheƙewa da faifai, mu yara muna tara kowar waken a kai wa awaki, in an sami sarari mu zauna gindin turmi mu yi carafke. Kowa ya san abin da ke biyo baya. In ka ajiye wake ƙwari su mai da shi gari, in ka zuba masa magani warinsa ya bi ka har cikin tukunya, in ka kai kasuwa da kaka ka bayar a arha.

Da la'asar na sami Baba yana gyaran igiyar guga, na yi masa bayanin kyandir ina haɗa kalmomi da kyar. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana murza igiyar, sannan ya ce, “Akwai ɗan ragowa a zaure, ki gwada da shi.” Muka nemo jarkokin man gyaɗa guda huɗu, na wanke su da toka da sabulu, suka kwana uku a rana. Na sake shanya waken har ya riƙa yin ƙara tsakanin haƙora, na ɗura ina girgizawa har wuya, na shimfiɗa leda a baki, na murɗa murfi, na naɗe da robar taya. Uku suka shiga ɗakin Inna. Ta huɗu ba wuri, sai aka kai ta ɗakin kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya. Tana kallona ta ce, “Ƙawata 'yar boko, yau kuma wake aka ɗaure wa baki? Me ya faɗa?”

Wata biyar ban taɓa su ba, sai dai in kara kunne a jikin jarka in ji ko akwai motsi. Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, muka fito da su gaban kowa. Uku na ɗakin Inna suka zubo a tabarma fari tas, ba huji ko ɗaya, 'yan ƙwarin da ke ciki sun bushe. Ta huɗu kuwa da na juye, gari ya tashi, ƙwari suka watsu. Na zauna a ƙasa ina kuka, na ɗauka ni ce ban ɗaure da kyau ba. Iya ta yi ta gyaran bakin zaninta, can ta ce, “Ni fa tausayinsa na ji. Tun ina yarinya ba a barin hatsi bai sha iska ba. Duk Juma'a nakan buɗe masa kaɗan.” Inna ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Da na kai wa Malama Rabi labarin, ta ce Iya ta fi mu duka iya kimiyya, tunda ita ce ta nuna mana bambancin.

Daga nan matan unguwa suka fara aiko da wakensu. Ni da Inna mu shanya, mu ɗura, mu ɗaure, a bar mana kwano ɗaya a kowace jarka. Masu ƙosai a kasuwar Ɗanbatta suka san wakenmu ba ya warin magani, suka riƙa aiko da saƙo tun kafin ranar kasuwa. Iya ta naɗa kanta mai gadi, ba mai kusantar murfi tana zaune.

Yanzu ina da ɗan ɗakin ajiya a bakin titi, da ganguna a jere, da 'yan mata uku da nake koya wa aikin. Komai ya fi sauƙi, amma ba wanda ke tsokanata kamar Iya, Allah Ya jiƙanta. Wani lokacin nakan kara kunne a jikin ganga, don kawai in tuna.

Sai bayan na gama makaranta, muna tsintar wake ni da Inna, ta faɗa mini abin da ban sani ba. Waken da Baba ya kira ragowa, shi ke nan duk abin da muka samu a shekarar, har da irin da za a shuka.