Dokar da Na Rubuta wa Shanu

Ina aji huɗu a fannin shari'a lokacin da na fara ganin kaina a matsayin mai gyara ƙasa. 'Yan ajinmu suna ta rububin ofisoshin manyan lauyoyi don horon sanin makamar aiki, ni kuwa na ɗaga hanci na ce tsayuwa gaban alƙali ba ta dame ni ba, so nake in shiga sahun masu tsara doka tun daga tushe. Da wannan bakin na samu gurbi a wata 'yar ƙungiya mai taimaka wa manoma a cikin birnin Kano. Yajin aiki ya riga ya karkatar mana da zangon karatu, shi ya sa hutunmu ya faɗo daidai lokacin yankan shinkafa.

Mu biyu aka ɗauka, ni da wani ɗan ajinmu wanda ko gaisuwa zai yi sai ya nemo mata sashe a kundin doka. Shugabar ofishin, wata lauya mai fara'a da yawan tafiye-tafiye, ta ba mu aiki guda. Manoman wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, waɗanda gonakinsu ke shan ruwa daga magudana ɗaya, suna so su yi wa ƙungiyarsu rajista, rajista kuwa ba ta yiwuwa sai da rubutattun dokoki. Mu ne za mu rubuta. Ta ce mu je mu saurari mutanen tukuna kafin mu ɗauki biro.

Kullum da safe sai mu hau mota zuwa Kura, daga nan adaidaita ta bi da mu gefen magudana, tana jijjiga mu kamar buhunan albasa. Ba wanda ya ce mu sa kayan makaranta, amma muka riƙa zuwa cikin baƙi da fari kamar yadda ɗaliban shari'a ke yi, ni da baƙin siket da farin hijabi, shi da kwat har da ɗaurin wuya. Kwana biyu kacal ƙauyen ya raɗa mana suna. Da mun sauka sai ka ji matan da ke turara shinkafa suna cewa, “Ga hankaki nan sun iso.”

A cikin manoman akwai wani dattijo mai gona a kwanar magudana, wanda duk ƙauyen ke ce wa Baba. Shi ya fara kirana Barista, kuma bai taɓa barina na wuce ba tare da ya karyo mini rake ba. Ranar da na je masa da takardar tambayoyina na ce, “Baba, shanu suna yi muku ɓarna?”

“Ɓarna? 'Yata, rubuta da manyan baƙi. Bara sun shiga tumatirina sun mayar da shi kamar an yi kokawa a ciki. Suka kuma rusa bakin magudana, ruwa ya kwana biyu yana tafiya inda ba a aike shi ba.”

Duk wanda na yi wa tambayar nan amsarsa ke nan, wani ma har da rantsuwa. Raina ya ɓaci a madadinsu. Na koma ofis na zauna na rubuta sashe na bakwai da Turanci mai nauyi: ba a yarda saniya ta shiga yankin ban ruwa ba, duk wadda aka gani 'yan sintiri su kama ta su miƙa wa hukuma. Abokin aikina ya leƙo ya ƙara “a kowane lokaci, ta kowace hanya.” Muka kalli juna muna murmushi. Shugaba tana Abuja, muka karanta mata ta waya a gurguje, ta ce in dai abin da manoman suka nema ne, mu buga.

Ba zan ce ban san abin da sashen ke nufi ba. A bayan ƙauyen akwai ruga, kullum ina hango hayaƙinta, ina kuma haɗuwa da matanta a hanya da ƙwaryar nono a ka. Na san ba su da wurin kiwo ko mashaya sai nan, in dokar ta zauna tashi ya kama su. Ban taɓa taka rugar ba, domin takardata manoma ta ce, ba ta ce makiyaya ba. Na gaya wa kaina ai gyara ba ya yiwuwa sai wani ya ɗan matsa. Shugaban ƙungiyar manoman ya sa ranar Alhamis kowa ya zo ya dangwala yatsa.

Ranar Laraba na tafi ni kaɗai kai wa shugaban kwafinsa. Adaidaita na karya kwana sai na hango gonar Baba cike da shanu, farare tas, sun baje suna cin karan shinkafar da aka yanke. Ban jira ta gama tsayawa ba na diro. Na tattare siket na sheƙa a guje ta kan kunyoyin gona, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo na bar shi, ina ihu, “Baba! Shanu! Shanu a gonarka!”

Na same shi a gindin mangwaro, ya miƙe ƙafa a kan tabarma, shi da wani tsohon Bafulatani siriri, ƙwaryar fura a tsakaninsu. Baba ya dube ni daga sama har ƙafar da babu takalmi, ya kwashe da dariya.

“Barista, wa ya biyo ki? Zauna ki gai da Baffa. Ai shanunsa ne, ni na je na roƙo su.”

Na gaishe da Baffa ina haki. Baba ya gyara zama ya shiga ba ni labari yana alfahari. Ashe kowace shekara, da an ɗauke damin ƙarshe, sai Baffa ya sauke garkensa a gonakin ɗaya bayan ɗaya. Shanu su cinye kara, su kwana uku ko huɗu, su bar taki. Layi ake bi, har gaba ake yi a kan wanda zai fara. Bana Baba ne ya riga kowa, don tun shinkafa ba ta nuna ba ya je ruga da goro.

“Gonar da shanu suka kwana a ciki,” in ji shi, “albasarta sai kin riƙe da hannu biyu. Ranar da aka buɗe ƙofar ruwa don noman rani kuwa, Baffa ya kaɗa kayansa ya koma gefe.”

“To bara fa, Baba? Ba kai ka ce mini sun lalata maka tumatir ba?”

“Wannan ai a tsakiyar rani ne, tumatir yana fure, kuma baƙin shanu ne masu wucewa. Yanzu kuwa kaka ce. Kin tambaye ni ɓarna, na gaya miki ɓarna. Ba ki tambaye ni yaushe ba.”

Baffa ya miƙo mini ludayi, ya ce a hankali, “An ce ku ne masu rubuta takarda. Me takarda ta ce a kanmu, 'yata?” Takardar tana cikin jakata, a kan cinyata. Na kasa kallonsa. Na ce, “Gobe za a karanta, Baffa.” Ya gyaɗa kai. Na kurɓi furar, na yi musu sallama.

A hanyar komawa na kira abokin aikina. Ya ce an riga an buga, shugaba ta amince, in akwai kuskure ai ana yi wa doka kwaskwarima daga baya. Na ce daga baya yaushe, bayan an kama shanun mutum? Ya ce so nake in ba mu kunya a gaban ƙauye guda. Na ce masa kunyar ai mun riga mun dafa ta, cinta kawai ya rage. Har direban adaidaita sai da ya waiwayo ya ce in yi haƙuri.

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a filin makarantar firamare, ƙarƙashin darbejiya. Shugaban ƙungiya yana sauri, yana da shinkafa a injin casa. Ya buɗe tawada ya ce lauyoyi sun gama aiki, kowa ya zo ya dangwala. Mutane har sun fara miƙewa. Na tashi na ce ba wanda zai sa yatsa sai na karanta da Hausa kowa ya ji. Abokin aikina ya sunkuyar da kai yana gyara ɗaurin wuya.

Sashe na ɗaya zuwa na shida suka wuce lafiya, ana ta “haka ne, haka ne.” Na karanta na bakwai. Can Baba ya ce, “Wa ya rubuta wannan?”

“Ni ce, Baba.”

“To Barista, takin fa? Ke za ki riƙa kawo mana daga birni a cikin jakarki?”

Aka bushe da dariya, wasu har da riƙe ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban san lokacin da ni ma na fara dariyar ba. Daga nan kowa ya zama lauya. Wannan ya ce a rubuta kaza, wancan ya ce ƙarya ne ba haka ake yi ba, biyu suka tayar da tsohuwar rigimar layin shekarar da ta wuce. Abokin aikina, Allah Ya saka masa, ya tuɓe kwat ya karɓi biro, yana rubutu gumi na zuba. Kafin azahar sashen ya fito: shanun ruga su shiga ranar da aka ɗauke damin ƙarshe, su fita ranar da aka buɗe ƙofar ruwa, su ƙetare magudana ta gada kaɗai, mashayarsu kuma tana nan inda take. Sannan aka dangwala.

Duk wannan abu Baffa yana can nesa a bakin filin, ya dogara da sandarsa, don shi ba ɗan ƙungiya ba ne, ba wanda ya ba shi tabarma. Na ɗauki takardar na je na rusuna na karanta masa a hankali. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake, na sake.

“Ai haka muke yi tun mahaifina yana da rai,” in ji shi. Ya ɗan yi murmushi. “Tun wancan mako wani ya gaya mini abin da ke cikin takardar farkon. Na riga na ce wa mata su fara ɗaure kaya.”

Ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya ce, “Bari in je in ce su kwance.” Ya juya ya bi gefen magudana da sauri, saurin da ban zaci tsoho yana da shi ba.