Ɗaurin Bahago

Mahaifina manomi ne, gero da gyaɗa, kamar kowa a ƙauyenmu. Amma idan an gama yankan gero ba ya zaman gindin bishiya. Sai ya ɗauki sandar gora ya nufi dam ɗin da ke gabas da mu, ya yi fatsa. Sauran mutane tana suke sa wa ƙugiya. Shi kuwa fara yake sawa, farar ƙarya wadda yake haɗawa da hannunsa, don kawara, kifin nan da ke cafkar ƙwari a saman ruwa.

Aikin yana da tsari, kuma ban taɓa ganin ya saɓa shi ba. Da farko ya goga wa zaren tela kakin zuma. Na biyu ya fere totuwar kara, tsawon gaɓar yatsa, ya kwantar da ita a bayan ƙugiya. Ita ce jiki, ita ce kuma ke hana ta nutsewa. Na uku ya tsaga gashin zabo ya yi fukafukai. Na huɗu ya naɗe da zare, zagaye bakwai, ya ƙulle a wuya. Sannan ya jefa a ƙwaryar ruwa. Wadda ta kife ba ta shiga gwangwaninsa. Ni ma na koya a wurinsa har na iya.

Ina da shekara arba'in da 'yan kai idonsa ya tafi. Na kai shi asibiti a Kano, aka ce jijiyar ce ta mutu, babu abin yi. Gona ta dawo hannuna. Cin kasuwar Ɗanbatta ya dawo hannuna. Ɗaurin fara kaɗai ya rage masa, kuma a kansa ya tsaya da ƙafa biyu.

Da lalube yake ɗaurawa, ni in gwada masa a ƙwarya.

"Ta tsaya?"

"Ta tsaya, Baba."

Ba ta tsaya ba. Wata fiffike ɗaya, wata totuwar ta karkace. Daga baya ma na daina jefawa. Sai in kaɗa ruwan da yatsa ya ji ƙara, in ce ta tsaya.

Da kaka ta yi na riƙa kai shi dam a babur. Kwana huɗu ko cizo babu. Akwai taubashinsa, wani tsoho mai baki, da ke fatsa kusa da mu. Ya leƙo ya ce, "Kai makaho, wannan fara ce ko kazar da shaho ya fige?"

Baba ya ce, "Bawa ba ya sa baki a aikin ubangidansa."

Suka yi dariya. Amma da muka iso gida, tuwon ma loma biyu ya yi.

Washegari bayan azahar, yana kishingiɗe a zaure, na shiga ɗaki na ɗaura goma sha biyu. Na bi matakan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na kwashe nasa na ƙunshe a tsumma, na zuba nawa a gwangwanin. Na kuma tsara cewa ni zan riƙa ɗaura ƙugiya a igiya, ni zan cire kifi, don kada hannunsa ya taɓa.

Kifi ya fara kamuwa. Mako uku Baba yana tashi da ƙarfinsa. Ya ce da taubashin, "Kai mai ido biyu, kawo robarka in sam maka na miya."

Ran nan rana ta juyo kan babur, na tafi in mayar da shi inuwa. Kafin in dawo kawara ta kama, shi kuma ya jawo ta ya cire da kansa. Na tarar da kifin yana birgima a yashi, Baba yana murza ƙugiyar tsakanin yatsunsa.

"Zo nan. Wa ya ɗaura wannan?"

"Kai ne, Baba."

"Zagaye bakwai, daidai. Ƙulli a wuya, daidai. Amma zaren nan daga dama ya taso."

Mahaifina bahago ne. Na kiyaye komai, na manta da wannan.

"Tun yaushe?"

"Mako uku."

"Nawa fa, da kake cewa sun tsaya?"

Kunya ta kama ni, sai ta juye ta zama fushi. Na ce, "Ko ɗaya ba ta tsaya ba."

Taubashin ya ce, "Haba ɗan'uwa, kifi ai kifi ne." Ranar ce kaɗai na ji ya kira shi ɗan'uwa.

Baba ya ce, "Kifinsa ne, ba nawa ba." Ya miƙo mini gorar. "Kai ni gida."

Bai ƙara taɓa zare ba. Na kawo masa gashin zabo, ya ce in ba mata su yi shara. Na nemi gafara, ya ce ya yafe, kuma na san da gaske yake. Amma daga zaure sai masallaci. Damina biyu ya yi a haka, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na ci karo da ƙunshin tsumman. Na ɗebo ruwa a ƙwaryarsa, na jefa su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya kamata in yi tun farko. Goma sha biyu ne. Takwas sun kife.

Huɗu sun tsaya.